Ɗalibanmu a Tunisiya: "ka yi haƙuri" ta isa haka nan



Kowace shekara in sakamakon bak ya fito, sai tallar jami'o'i masu zaman kansu na ƙasashen Magrib ta cika Facebook da WhatsApp. Hotuna ne masu kyau: gini mai gilashi, ɗakin kwamfuta, ɗalibai baƙaƙe da farare sun dafa kafaɗar juna suna dariya. Uba ya saida gona ko ya kai bijimai kasuwa, uwa ta kwashe adashinta, kawu da ke Kwatano ya aiko da nashi taimako, a haɗa kuɗin jirgi da na rijista. Daren tafiya a zaunar da yaro a yi mashi nasiha, kuma nasihar guda ce tun daga Gaya har Diffa: ka yi haƙuri, duk abin da anka ce maka ka yi kamar ba ka ji ba, ka ɗauko diflom ɗinka ka dawo gida.

Da wagga nasiha muke jayayya yau. Mun san da kyakkyawar niyya ake yin ta, babu uwar da ke son ɗanta ya shiga rigima a ƙasar mutane. Amma ta zama bargon da kowa ke lulluɓa da shi: makarantar da ta karɓi kuɗi, hukumar da ta sa hannu a takardun tafiya, da mu kanmu da ba mu son jin labarin da zai hana mu barci. Yaron kaɗai anka bari a waje cikin sanyi.

Mu ɗauki Tunisiya, tunda can ne abin ya fito fili har duniya ta gani. Ranar 21 ga Fabrairu 2023, shugaba Kais Saied ya yi jawabi a taron majalisar tsaro ta ƙasarshi, ya ce kwararar baƙin haure daga Afirka kudu da Sahara wani shiri ne na miyagu don a canza kamannin al'ummar Tunisiya, a mai da ita ƙasar Afirka kawai, a raba ta da duniyar Larabawa da ta Musulunci. A lokacin, adadin da ake bayarwa na ƴan kudu da Sahara a ƙasar bai wuce wajen 21,000 ba, cikin mutum miliyon 12. Ku auna da kanku ko waɗannan za su iya canza kamannin ƙasa. Amma magana zarar bunu ce. Cikin kwanaki kaɗan masu gidajen haya sunka fara fitar da kayan mutane titi, anka kori wasu daga aiki, anka tare wasu a hanya da duwatsu da wuƙaƙe. Ƙungiyar ɗaliban Afirka da ke karatu a Tunisiya, wadda ake kira AESAT, sai da ta roƙi membobinta su zauna cikin ɗaki, kada su fita ko da zuwa aji. Ɗalibi mai rijista, wanda ubanshi ya biya kuɗin shekara cif, ya koma ɓuya kamar ɓarawo. Farkon watan Maris Gine da Mali da Kwaddibuwa sunka aika jirage kwaso ƴan ƙasarsu, kuma cikin waɗanda sunka hau jiragen har da ɗalibai da sunka bar karatu tsakiyar shekara. Shugaban hukumar Tarayyar Afirka na lokacin, Musa Faki Mahamat, ya yi tir da jawabin a fili.

Akwai masu cewa, ai da baƙin haure ake, ba da ɗalibai ba. Wanga zance ne na wanda bai taɓa tsayawa tasha yana jiran mota ba a garin da fatarshi ke magana kafin bakinshi. Saurayin da ya ɗauko dutse ba ya tambayar katin makaranta. Mai gidan da ya tsorata ba ya duba ko kai ɗan lisansi ne ko ɗan masta. Kuma in ma an ce da baƙin haure ake, yaushe rashin takarda ya halatta jifa?

Maganar takardar ma, nan ne babbar yaudara take, don haka bari mu daɗe a kanta. Ƴan ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma na shiga Tunisiya babu biza, su zauna wata uku. Ɗalibi kuwa dole cikin wanga lokaci ya nemi katin zama. Kafin a karɓi dosiyenshi a komisariya sai ya kawo shaidar rijista daga makaranta, da kwantiragin hayar ɗaki, da shaidar yana da abin da zai ci. Makaranta ta yi jinkirin ba da shaida. Mai gida ya ƙi yin kwantiragi a rubuce don kada haraji ya hau kanshi. In an samu an haɗa komai, a ba yaro wata ƴar takarda ta wucin gadi a ce ya jira, wani lokacin shekarar karatu ta ƙare katin bai fito ba. Duk wanda wa'adinshi ya wuce kuwa, tara na hawa kanshi dinari 20 kowane mako, kuma ba zai fita ƙasar ba sai ya biya. To wa ya mai da wanga yaro marar takarda? Shi ya yi duk abin da anka ce ya yi. Ofis ne ya riƙe mashi takarda, sannan ɗan sanda ya tare shi a hanya ya tambaye shi ita. Hukumomin Tunisiya da kansu sun amsa akwai matsalar, domin ranar 5 ga Maris 2023, da surutu ya yi yawa, sunka ba da sanarwar za a riƙa ba ɗaliban Afirka katin zama na shekara guda, a kuma tsawaita takardar wucin gadi daga wata uku zuwa shida. Abin da za a iya gyarawa da sanarwa guda, mi ya sa sai da anka fasa kawunan mutane?

Wasu kuma su ce, haba, ai Musulmi ne ƴan uwanmu, sahu guda muke a masallaci. Gaskiya ne sahu guda muke, kuma dukanmu mun san wane ne Bilal. Amma sahun ya watse bayan sallama, a fito titi a ji wani yaro ya kira ka kahlush, ko wasif, kalmar da asalinta bawa take nufi. Waɗannan kalmomi ba don ɗalibanmu anka ƙirƙiro su ba. Tunisiya na da nata baƙaƙen fata, ƴan ƙasa tun kaka da kakanni, kuma su sunka fara shan wagga wuya. Ƙasar ta soke bauta tun 1846, shekara biyu kafin Faransa ta yi nata a 1848, abin alfahari ne. Duk da haka sai a 2020 ne wata kotu a Medenine, can kudu, ta yarda wani dattijo mai shekara 81 ya cire kalmar "Atig" daga sunan gidansu, kalmar da ke shelar cewa kakanshi ƴantaccen bawan wasu ne. Shekara 174 bayan soke bauta, mutum na ɗauke da tambarin a katin ɗan ƙasa.

Kada wani ya ɗauki wanga rubutu ya je yana zagin ƴan Tunisiya a dunƙule, ba mu aike shi ba. Kwana huɗu bayan jawabin shugaban, ɗaruruwan ƴan ƙasar sunka fito titunan Tunis suna cewa ba da yawunsu ba. Akwai waɗanda sunka ɓoye maƙwabtansu, akwai masu kai abinci ga ɗaliban da ke kulle a ɗaki. Kuma ƴan Tunisiya ne sunka yi gwagwarmaya har majalisarsu ta amince da doka mai lamba 50 a watan Oktoba 2018, wadda ta haramta wariyar launin fata, irinta ta farko a ƙasashen Larabawa. Abin da ya ƙara tura dokar gaba ma ɗalibai ne: a Disamba 2016 wani mutum ya far ma ɗalibai ƴan Kwango da wuƙa tsakiyar birnin Tunis, hayaniyar da ta biyo baya ta sa gwamnati ta ce a gaggauta. Dokar ta ce wanda ya yi wa wani kalamin wariya zai iya shan ɗaurin wata guda zuwa shekara guda da tarar dinari 500 zuwa 1,000, mai tunzura jama'a kuwa shekara guda zuwa uku. A 2019 wata kotu a Sfax ta yi aiki da ita kan wata mata da ta zagi malamin ɗiyarta don baƙi ne. Saadia Mosbah, shugabar ƙungiyar Mnemty, tana cikin waɗanda sunka fi kowa wahala kan wagga doka. A watan Mayu 2024 anka kama ta anka tsare.

Ke nan doka na nan a rubuce. Ɗalibinmu da anka ce ya yi haƙuri, an taɓa gaya mashi akwai ta? Makarantar da ta sa hotonshi a talla ta taɓa zaunar da sababbin ɗalibai ranar farko ta ce, ga haƙƙinku, ga ofishin da za ku zo in malami ko ɗan aji ko mai gadi ya ci mutuncinku, ga lauyan da zai raka ku komisariya? Nan ne muke tuhumar jami'o'in, musamman masu zaman kansu. Kasuwarsu ta bunƙasa ne lokacin da Bankin Raya Afirka ya yi zaman Tunis daga 2003 zuwa 2014, kuma har yau ɗaliban kudu da Sahara na cikin manyan masu kawo masu kuɗi. Wanda ke cin kuɗinka nauyinka na kanshi. Makarantar da ta iya aiko wakili har Yamai ya kama zauren otel yana raba takardun talla, ta iya sa ma'aikaci guda wanda aikinshi kawai bin dosiyen katin zama har ya fito. Ta iya kama gidaje da sunanta ta ba ɗalibai haya, ta raba su da wulaƙancin masu gida. In lokacin estaj ya zo, kamfani ya karɓi ƴan aji duka ya bar baƙaƙe biyu, ta iya ɗaga waya ta tambayi dalili, ta kuma daina aiki da wanga kamfani. Ba a bukatar canza tsarin mulkin ƙasa kafin a yi ko guda cikin waɗannan. Bikin "ranar al'adun Afirka" da ake yi sau guda a shekara, a sa yaranmu su yi rawa da tufafin gida a ɗauki hoto, wannan talla ce ta biyu, kuma kyauta ake samun ta.

Za a ce ɗalibai su tashi su nema da kansu, kamar yadda anka yi a Afirka ta Kudu. Lalle an yi. A jami'ar Cape Town, ranar 9 ga Maris 2015 ɗalibai sunka fara bore kan gunkin Cecil Rhodes, baturen mulkin mallaka da ke zaune tsakiyar makarantar, sunka mamaye ginin shugabanni, kuma ranar 9 ga Afrilu anka zo da mota anka ɗauke gunkin. Wata guda cif. Daga nan rigimar ta wuce kan abin da ake koyarwa, da yawan malamai baƙaƙe, da kuɗin makaranta, da masu shara da masu gadi da anka miƙa wa ƴan kwangila. Amma waɗancan ƴan ƙasa ne, a ƙasarsu, babu mai sa su jirgi. Yaronmu da katin zamanshi ke cikin aljihun tebur na komisariya, in ya ɗaga murya da shi za a fara. Saboda haka muryar dole daga nan za ta tashi, wajen masu biya da masu sa hannu.

Hukumar ba da bursu ta ANAB da ma'aikatar ilimi mai zurfi sun san ƙasashen da yaranmu ke zuwa. Duk yarjejeniyar karatu da za a sa wa hannu da wata ƙasa, mi zai hana a rubuta a ciki cewa katin zama zai fito cikin wa'adi kaza, kuma ɗalibi ba zai biya tarar jinkirin da ba nashi ba? Mi zai hana a ce makarantar waje ba za ta yi talla a Nijar ba sai ta nuna inda take saukar da ɗalibai da wanda ke karɓar kokensu? Muna tantance maganin da ke shigowa ƙasa, muna tantance shinkafa. Kuma mu ƴan Nijar ba mu da uzurin cewa ba mu san yadda ake yi wa baƙar fata a arewacinmu ba. Asamaka tamu ce. Shekara da shekaru motocin Aljeriya na zubar da mutane a wurin da ake kira Point Zéro, su tako wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga ruwa.

Yanzu kuma mu juyo gida, don in munka tsaya nan wani ɗan Tunis zai iya ce mana ku fara share ƙofarku, kuma yana da gaskiya. A nan Nijar sai a 2003 anka sa bauta cikin manyan laifuka a dokar hukunci, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun Cedeao ta samu ƙasarmu da laifin kasa kare Hadijatu Mani, wadda anka saida tana da shekara 12 a yankin Ƙonni, ta ce a biya ta diyyar miliyon 10 na sefa. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take wanga faɗa. Al'adar wahaya, mace ta biyar da ake saye ba a ɗaura mata aure, mutanen jihar Tawa sun san ba tatsuniya ba ce. Ƴaƴan waɗannan gidaje wasunsu sun kai jami'a da ƙoƙarinsu, suna zaune a amfi na Abdu Mumuni a Yamai, ko Dan Dikko Dankulodo a Maraɗi, ko Andre Salifu a Damagaram, ko Jibo Hamani a Tawa. Su ma nasihar da anka yi masu daren tafiya ita ce waccan: ka yi haƙuri, kada ka faɗi sunan ƙauyenku da ƙarfi.

Kowa ya san yadda abin ke fitowa. Ba a rubuta shi a allo. A hira ne, wajen shan shayi, wani ya ce wa wani buzu ko bella yana dariya. Wajen zaɓen shugaban wata ƙungiyar ƴan gari ɗaya, a raɗa cewa wane ai ba ɗan asali ba ne. Samari biyu sun gama masta tare, guda ya je neman ƙanwar ɗayan, a aika bincike, a dawo a ce gidansu maƙera ne ko mahauta, magana ta mutu, shi kuma abokin da sunka kwana ɗaki guda shekara biyar ya sunkuyar da kai. In ka yi magana a ce wasa ne, ai mu ƙasar taubasantaka ce. Wasan taubasai abin kirki ne, UNESCO ma ta sa shi cikin gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. Amma ƙa'idarshi sananniya ce: Bafillace ya tsokani Babarbare, Babarbare ya rama, Bagobiri ya ce Bazabarme bawanshi ne, Bazabarme ya mai da mashi, kowa ya tashi da dariya don kowa ya san ƙarya ce. Wanda kakarshi da gaske anka saida ta, da mi zai rama? Dariyar da yake yi ta dole ce.

Ƙungiyar USN ta nuna tun tuni tana iya girgiza ƙasa. Ɗalibai ne sunka faɗi kan gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, kuma jininsu na cikin abin da ya buɗe ƙofar dimokraɗiyya. Ƙungiyar da ke iya rufe jami'a kan jinkirin bursu da abincin resto, muna jiran ranar da za ta kira taro guda kan zagin asali a cikin site, ta rubuta a dokarta cewa laifi ne, ta kuma riƙa magana duk lokacin da anka taɓa ɗalibin Nijar a waje. Shugabannin jami'o'inmu su ma babu abin da ya hana su buɗe wurin kai irin wanga koke, da sa tarihin bauta a ƙasarmu cikin abin da ɗan shekarar farko zai karanta, ba na jiragen Turawa kaɗai ba.

Ku iyaye da ke shirin biya bana, kuɗinku ne, kuna da bakin magana. Kafin ku tura ko dala, ku ce wa wakilin makarantar ya rubuta maku wanda zai bi katin zaman yaro da wata nawa zai ɗauka, da wanda zai biya tara in an yi jinkiri. Ku tambaye shi mi makarantarsu ta yi wa ɗalibanta baƙaƙe a watan Fabrairu da Maris na 2023, ta rufe baki ne ko ta tsaya masu. Ku karɓi lambar ɗaliban Nijar biyu ko uku da ke can, ku kira su da kanku lokacin da wakilin ba ya kusa. In kuma yaronku na can tuni, yau da dare in ya kira ya ce lafiya lau, kada ku yi saurin cewa madalla. Ku tambaye shi ko katin ya fito, da wa yake zuwa aji, da sunan da ake kiranshi da shi a unguwa.